Makwancin Malam Emil

Ni maginin tukwane ne, ɗan maginin tukwane, haifaffen Wudil. Sunana Garba. Abin da zan faɗa ya faru ne ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, lokacin da ni da ƙanena Idi muka bi wani Bature zuwa ƙasar Jamus. Mutane sun sha tambayata labarin, ni kuwa nakan ba su guntu-guntu, in tsallake inda ya fi ciwo. Yanzu na tsufa, gara in faɗe shi gaba ɗaya.

Mai Lofe muke ce wa Baturen, don lofe ba ya barin bakinsa. A kasuwar Juma'a ya gan mu, ina sayar da tuluna, Idi yana zanen ƙwarya a gefena. Ya ce ana neman masu sana'ar hannu a ƙasarsu, mu je mu koya wa mutane aiki, mu dawo kafin girbi da abin da zai ishe mu. Na taɓa yin dako a kantin Turawa a Kano lokacin cinikin gyaɗa, na tsinci ɗan Turancin bariki, don haka na ɗauka na san Turawa. Inna ba ta so ba, amma ta ce tunda muna tare, mu je.

A Ikko ya yi mana takardun tafiya, muna shiga jirgin ruwa ya karɓe su, wai kada su ɓata. Can ƙasan jirgin aka ajiye mu, kusa da injin. Idi bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin garinmu ba. Ya yi ta amai har wuyansa ya zama kamar sillen kara. Wani kuku mutumin Saliyo ne ya riƙa ɓoyo masa busasshen burodi da citta, ba tare da mun roƙe shi ba. Ko sunansa ban sani ba.

Muka sauka a Hambug. Na zaci ƙasar Turawa duk ƙyalli ce. Abin da na fara gani shi ne unguwa guda babu rufi ko ɗaya, bango ne kawai a tsaye, kana hango sama ta tagoginsa. Yaƙin duniya ya ƙare da shekaru, amma ga ɓarnarsa nan tuli-tuli a bakin titi, ciyawa ta tsiro a kai. Maza masu ƙafa ɗaya sun fi a ƙirga. A gefe guda kuma ana ta gini ba ji ba gani, kowa yana sauri, ba mai kallon ɗan'uwansa.

Makarantar da aka ce za mu koyar a ciki, ashe tanti ce. Mai Lofe yana yawo da ita gari-gari a kan babbar mota. A ciki ya kafa bukkar ciyawa, ya ja igiya a gabanta. Mu zauna bayan igiyar muna aiki, mutane su biya a ƙofa su shigo kallonmu. Ya kawo mana fatun dabbobi ya ce mu tuɓe riguna mu ɗaura. Idi ya ce shi ko a gona ba ya zama tsirara, sai dai a kashe shi. Da ƙyar aka bar mu da taguwa. Yara sukan zuro hannu ta ƙarƙashin igiya su shafa mana ƙafa, su duba yatsunsu. Tukwanen da na gina kuwa, Mai Lofe ya turara su da hayaƙi, ya shafe su da ƙasa, ya sayar a kan cewa daga tsofaffin kushewu aka tono su. In na yi maganar haƙƙinmu, sai ya ce sai an gama zagaye.

Girbi ya wuce muna cikin tantin. Ganyaye suka zube, sanyi ya fara shiga ƙashi. A wani gari na bakin kogi, wanda har yau harshena ba ya iya faɗin sunansa daidai, wani tsoho ya shigo kallo. Dogo ne ya ranƙwafa, da tabarau mai kauri da kwat da gwiwar hannunta ta sha faci. Bai kalle mu yadda sauran suke yi ba. Ya tsallako igiyar, ya nuna wani tulu, ya tambaye ni da Turanci ko zai iya ɗauka. Ya tallafe shi da hannu biyu, ya juya shi a hankali, ya ƙwanƙwasa cikinsa da ƙashin yatsa ya kara kunne, kamar yadda matan Utai, maƙwabtanmu, suke yi a kasuwa. Sannan ya tambayi sunana. Tun da muka bar gida ba wanda ya taɓa tambaya.

Ya ce sunansa Emil. Mu muka ƙara masa Malam, don ba mu iya kiran tsoho gatsal ba. Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Ya tambayi Idi ma'anar zanen da yake yi a bakin ƙwarya, ya tambaye ni inda muke haƙar yumɓu. Daga nan ya gangaro kan inda muke kwana, da abin da ake ba mu, da wanda yake riƙe da takardunmu. Ina ba shi amsa yana rubutawa. Ban san abin da zai yi da maganar ba.

A jarida ya buga ta. Ya yabi tukwanen, ya ce sababbi ne kuma mai ginin su yana nan da ransa, ya tona asirin Mai Lofe, ya ce abin kunya ne a ƙasar da ta ga abin da ta gani a sake sa mutane bayan igiya. 'Yan sanda suka zo suka rufe tantin. Kafin su waiwayi Mai Lofe ya tayar da motarsa ya ɓace, da takardunmu da guminmu duka. Muka wayi gari a ofishin 'yan sanda, ba mu da ko bargo. Can sai ga Malam Emil ya shigo yana haki, hularsa a hannu.

"Ni na jawo muku wannan," ya ce. "Ku taso mu tafi."

A saman wani gida yake zaune, wanda bam ya cinye rabinsa. Matakalar tana kai ka wani wuri inda aka toshe ƙofa da katako, bayanta babu komai sai iska. Mai gidan wata bazawara ce, Marta, mijinta ya mutu a yaƙi. Da ta gan mu ta yi ta faɗa da harshensu, tana nuna mu tana nuna matakala. Da yamma kuma ita ce ta hauro da tukunyar dankali da barguna biyu, ta dire ta juya. Da ta fahimci ba ma cin alade, ta ware mana tukunya dabam, ta ɗaura mata jan zare a hannu.

Ɗakin Malam Emil littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, sai gado, tebur, da ɗan murhun ƙarfe. Ya ba mu ƙaramin ɗakin ajiya da ke jikin nasa. Na daɗe ban gane sana'arsa ba. Da safe zai zauna da kwat a jikinsa, da safar hannu da ya yanke bakin yatsunta, ya yi ta buga tafireta. Ya tsaya, ya zare takardar, ya dunƙule ta ya jefar, ya zagaya ɗakin yana gunaguni. Da na tambaye shi, ya ce aikinsa biyu. Yana ƙirƙirar labarai masu tsawo a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Yana kuma zuwa ya kalli abin da masu zane suka zana, ya rubuta wa jama'a wanne ne na gaskiya, wanne ne na ƙarya. Na fassara wa Idi. Idi ya ce, "Yaya, wato kallo ne yake ciyar da shi?" Na ce da alama ba ya ƙosar da shi.

A hankali, a bakin murhu, muka san tarihinsa. Kafin yaƙi sunansa ya zagaya ƙasar. Ya nuna mana littattafansa, da hotonsa yana saurayi mai gashi a kai. Akwai wasu masu zane abokansa da ya tsaya musu tun ana yi musu dariya. Da masu mulkin wancan zamani suka hau, suka ce zanen abokan nasa ruɓaɓɓe ne, aka sauke su daga bango, aka ƙone wasu. Shi kuma aka kwashe littattafansa daga kantuna, aka hana shi rubutu. Abokan nan, wasu suka gudu, wasu aka tafi da su ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shi bai gudu ba, ya zauna ya yi shiru, yana gyaran rubutun wani kamfanin magani. Matarsa ta mutu a gobarar bam. Ɗansu ɗaya tal, Matiyas, an kai shi yaƙin Rasha, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Duk ranar da aka ce jirgin ƙasa zai kawo fursunonin yaƙi, Malam Emil zai sa rigarsa mai kyau ya tafi tasha da hoton yaron, ya ɗaga shi sama cikin sauran iyaye. Sau ɗaya na raka shi. Ban sake iya zuwa ba.

Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, yana shan giya, in ya sha kuma sai ya zaunar da mu ya karanta mana rubutunsa da Jamusanci, mu da ba ma jin ko ɗigo, ya ji haushi in Idi ya yi gyangyaɗi. Ranar Lahadi yakan kai mu gidan ajiye zane-zane, inda aka fara mayar da abin da ya tsira. Mu dai ɗumin wurin ne yake kai mu. Inda aka zana mata ba sutura mukan sunkuyar da kai mu wuce. Wata rana ya tsaya a gaban zanen wata mata mai koriyar fuska da karkataccen baki, ya ce aikin amininsa ne, ya tambayi Idi yadda ya gan shi. Idi ba ya ɓoye magana. Ya ce mai zanen bai iya ba, hannunsa yana rawa. Da na fassara, fuskar Malam Emil ta yi ja. Ya ce haka waɗanda suka kashe mutumin suka faɗa. Ya juya ya bar mu, muka lalubo hanyar gida da kanmu. Bai yi mana magana ba sai washegari, ya shigo da wani zane na fensir da aminin ya yi masa, kamarsa sak har da tabon haɓa. Ya ajiye a gaban Idi, ya ce mutumin ya iya, da gangan ya karkatar da bakin, don a lokacin haka bakin mutane yake. Idi ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in gaya masa ya yi haƙuri.

Maganar komawa gida kuwa ta zama tafiyar kunkuru. Malam Emil ya kai mu ofishin Ingilishi, tunda su ke riƙe da ƙasarmu. Suka ce ba su da shaidar cewa mu nasu ne, sai sun rubuta Ikko, Ikko ta rubuta Kaduna, Kaduna ta tambayi Kano. Na samu aiki a wata masana'antar bulo a bayan gari, ina loda wa tanderu. Wuta ce aikina tun ina yaro, shi ya sa suka riƙe ni. Ina fita da duhu in dawo da duhu, rana ba ta kai tsawon da za ka raba azahar da la'asar ba. A hanya nakan tuna bakin kogi da hantsi, da ƙamshin yumɓu in an jiƙa shi, da muryar Inna tana kiran awaki.

Idi ya fara tari tun muna tanti. Da ƙanƙara ta sauka, tarin ya koma ƙirji. Gawayin da ake samu ba ya kai mako. A lokacin ne aka dawo wa Malam Emil da babban labarin da ya shekara da shekaru yana rubutawa, a kan wani gari da mutanensa suka yi shiru. Masu buga littafi suka ce ba wanda zai saya, mutane sun gaji da kango, mota suke so da sabon gida. Samarin marubuta kuma sun ce wanda ya yi shiru jiya ba shi da bakin magana yau. Ya ajiye ƙunshin a kan tebur kwana da kwanaki bai taɓa ba. Ranar da gawayi ya ƙare, na dawo daga aiki na tarar Malam Emil ya mayar da Idi kan nasa gadon, ya farfasa katakon da yake jera littattafai ya sa a murhu. Da katakon ya ƙare ya shiga cusa tsofaffin jaridun da rubutunsa na shekaru yake ciki, ɗauri bayan ɗauri. Na riƙe hannunsa. Ya fizge, ya ce wannan ne karo na farko da suka ɗumama wani.

Duk da haka jini ya fara fitowa. Aka kai Idi asibiti, wani dogon ɗaki mai gadaje jere, duk masu tari. Ma'aikatan sun kula da shi gwargwado, amma ba ya jin su, ba sa jin sa. Malam Emil yakan wuni a gefensa in ina wurin aiki, ya kai masa takarda da fensir, Idi ya riƙa zana masa irin adon ƙwarya, har hannun ya daina riƙe fensir. Ranar Lahadin ƙarshe Idi ya ce yana jin ƙamshin fura. Ya ce in na koma in ba Inna wuƙaƙen zanensa ta ajiye. Sannan ya jawo rigata.

"Yaya, kada ka bari su jefa ni inda ba a san ni ba."

Na ce ba zan bari ba, ban kuwa san yadda zan yi ba. Ya rasu da hantsin Talata, ina gaban tanderu. Malam Emil ne ya rufe masa ido, shi ya zo har masana'anta a ƙafa cikin ƙanƙara ya gaya mini.

Aka ce wanda ba shi da kowa kuma ba shi da takarda, hukuma ce take binne shi a wani fili na bai ɗaya, a kafa masa lamba. Na zauna a matakalar asibiti na rasa abin yi. Malam Emil ya ce in jira. Ya tafi ya daɗe, ya dawo da wata takarda mai hatimi. Ya ce a maƙabartar garin yana da wuri na mutum biyu, ya saya tun yana da hali. Matarsa tana ɗaya. Ɗayan nasa ne, ya sa hannu ya ba Idi. Na ce ba zai yiwu ba, ina shi zai kwanta? Ya ce wannan ba matsalar yau ba ce.

Ni kaɗai na yi wa ƙanena wanka, a wani ɗaki mai sanyi a ƙasan asibitin. Marta ta buɗe akwatin aurenta ta fito da fararen zannuwan gado da ba a taɓa shimfiɗawa ba, ta yanka su yadda na nuna mata. Dokarsu ta ce dole sai da akwati, don haka na kwantar da shi a ciki ta gefen dama. Da na ce sai fuskarsa ta kalli alƙibla, Malam Emil ya ɗauko littafin taswira, ya ja zare daga garin zuwa Makka, ya je da shi maƙabarta. Mai haƙa kabari ya ce shi ba ya haƙa rami a karkace, zai ɓata layi. Ban taɓa jin Malam Emil ya ɗaga murya irin ta ranar ba. Mutumin ya haƙa yadda aka ce.

Na tsaya ni ɗaya na yi kabbara huɗu. Ba liman, ba sahu. A bayana tsoho ne da hula a hannu, da Marta cikin baƙin mayafi, ƙanƙara tana sauka a kanmu. Daga baya na roƙi shugaban aikinmu ya bar ni in gasa wani faifan yumɓu a gefen tanderu. Na rubuta sunan Idi da na mahaifinmu da na Wudil da ajami, na kafa shi a kan kabarin.

Takardunmu suka iso da ganye ya fara tohowa, nawa da na Idi tare. Aka sama mini gurbi a wani jirgin kaya, in yi wanke-wanke a madadin kuɗin jirgi. A 'yan kwanakin nan Malam Emil ya koma kan tafiretarsa, yana bugawa tun safe. Ya tambaye ni ko na yarda ya rubuta labarinmu. Na ce ya rubuta, amma ya sa sunan Idi daidai. Ban san ko ya gama ba, ban san ko an buga ba.

Ya raka ni tasha, ita ce dai tashar da yake zuwa da hoton ɗansa. Ya rame ƙwarai, shi ma ya fara ɗan tari. Muka tsaya tare har jirgi ya yi kuka.

"Garba," ya ce, "na ƙarar da rayuwata ina gaya wa mutane abin da ya kamata su gani. Sau ɗaya aka saurare ni, ga kuma abin da ya haifar."

Na ce masa da bai rubuta ba, da a bayan igiya Idi zai mutu, a gefen wata hanya. Na ce kwana na Allah ne. Ya girgiza kai, bai yarda ba, bai kuma musa ba. Ya kama hannuna da nasa biyu, sannan ya sake ni.

Ban aika wa gida da labarin rasuwar ba, na ga ba magana ce ta takarda ba. Na iso Wudil da la'asar a motar gyaɗa. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan ni, ta leƙa bayana, ta sake leƙawa. Sai ta ajiye rariyar, ta zauna a ƙasa. Na durƙusa na ajiye wuƙaƙen Idi a gabanta.

Ba ta yi kururuwa ba. Bayan an yi sallar magariba, mutane sun ragu, ta kira ni ɗakinta ta shiga tambaya. Wa ya yi masa wanka? Na ce ni. An samu likkafani? Na ce an samu, fari sabo. An yi masa salla? Na ce na yi. Ya kalli gabas? Na ce ya kalla. Ta tambayi ƙasar wa aka sa shi, na ba ta labarin Malam Emil tun daga ranar da ya tsallako igiya, da matarsa, da ɗansa, da makwancinsa da ya bayar. Ta shiga jan carbi, har na ɗauka ta gama.

"Tsohon nan," ta ce, "yana da wani nasa a can?"

Na ce ba shi da kowa.

"To shi wa zai binne shi? A ina za a sa shi?"

Na sunkuyar da kai. Ta jira ni, ta ga ba ni da amsa, sai ta ja mayafinta ta rufe fuska, a nan ne ta fara kuka.